Inuwar Da Babu Iska

Na san waɗansu 'yan'uwana ɗalibai za su yi dariya in sun ga wai a kan kare zan yi rubutu, alhali ga manyan batutuwa irin su ilmi da noma. To, su yi haƙuri su karanta tukuna. Da hannuna na ɗaura igiyar da ta yi sanadin mutuwar wani kare, shi ya sa maganar ta ƙi fita daga raina.

A hutun watan Afrilu na bara na je wurin kawuna a wani ƙauye na ƙasar Bunguɗu. Kawu mafarauci ne. Farauta ta ja baya ƙwarai a ƙasarmu saboda rashin tsaro, ba mai shiga daji mai nisa yanzu, amma da rani akan ɗan taɓa a bayan gari. Abokansa na wajen Tsafe suka gayyace shi, sai aka yi shatar wata tsohuwar a-kori-kura mai rumfar ƙarfe a baya. Karnuka shida aka zuba a ciki, har da Duna, baƙin karen da Kawu ya fi ji da shi. An shirya tashi da asuba, amma direba ya tafi neman mai, ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Kawu ya ce mini, "Kai ɗan makaranta, ja tamfol ɗin ga ka ɗaure da kyau, kada rana ta taɓa su." Ni kuwa don in nuna gwaninta na rufe sama, na rufe gefe da gefe, na rufe baya, na bi kowace kusurwa na ƙulle tam.

Mun tsaya a layin shingen bincike kafin mu shiga Gusau. Muka sake tsayawa cikin gari aka sayi goro da batir. Da muka kai Kwatarkwashi aka ce a yi sallar Azahar a sha fura, aka ajiye motar a fili, ga dutsen nan yana ta maido da zafin rana. Sai da muka idar wani dattijo ya ce, "Wai me ke nishi haka cikin motar ga?" Da na kwance igiya, hucin da ya buge ni kamar na buɗe tanda. Uku suna tsaye da kyar. Biyu sun zube, harshe waje, yawu na dalala. Duna ya yi amai, dasashinsa ya yi jawur, ya tashi ya yi tangaɗi ya faɗi. Dattijon ya sa aka ja su gindin bishiya, aka yi ta kwara musu ruwan rijiya a ciki da hammata da ƙafafu, muna yi musu fifita. Biyun nan suka farfaɗo. Duna bai kai La'asar ba.

Da na komo makaranta na tambayi malaminmu na kimiyyar noma, ya yi mini bayanin da nake so iyayenmu su ji. Mu mutane, in zafi ya dame mu, gumi muke yi ta ko'ina a jiki, iska ta busar da shi, jiki ya yi sanyi. Kare ba haka Allah ya halicce shi ba. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai, bai taka kara ya karya ba. Da haki yake fitar da zafi, watau ya lallago harshe, iska tana shiga tana fita tana busar da danshin baki da hanci. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 ne a ma'auni. In ya wuce 41 ya shiga hatsari, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa suna iya lalacewa. A Gusau kuwa, cikin Afrilu, zafin inuwa kansa yakan kai digiri 40 har ya wuce. Ke nan tun a waje ma saura ƙiris ne. Sa'an nan a tara karnuka shida a ƙarƙashin tamfol, kowanne yana huro iska mai zafi da danshi, ba inda za ta fita. Can sai hakin ya daina amfani, don iskar da yake ja ta riga ta cika da danshi. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwananmu cikin bazara, an rufe tagogi saboda sauro, ya san abin da nake nufi. Mu dai muna da bakin yin ƙara ga shugaban ɗaki.

Ban ce kada a rufe mota ba. Mafarauta suna da hujjarsu. Rana tana gasa ƙarfen ƙasan mota har ya ƙona tafin kare, ga ƙura, ga yara masu jifa in an ratsa gari, kuma kare in ya hango akuya yana iya dirowa mota na gudu. Ra'ayina shi ne a rufe sama kaɗai, a naɗe gefe biyu, in ana tsoron tsalle a sa raga ko a ɗaure kowanne da gajeriyar igiya wadda ba za ta bari ya kai bakin mota ba. A shimfiɗa harawa ko tsohuwar tabarma ko jiƙaƙƙen buhu a ƙasa. Malam ya ƙara mini da wani abu da ban taɓa tunani ba. In an rufe ko'ina aka bar baya kaɗai a buɗe, hayaƙin salansa yakan juyo ya shiga ciki, shi ma guba ne.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne tsayawa. Muddin mota tana tafiya, ko yaya iska takan sami kafa ta shiga. Da zarar ta tsaya, shi ke nan. Hanyar Bunguɗu zuwa Tsafe ba wata tafiya ba ce, amma yau da wuya ka yi ta ba ka tsaya sau uku ko huɗu ba. Mu da muke gaba muka sauka muka sha iska, ba wanda ya tuna da na baya. Da mun nemi inuwa, da mun ɗaga tamfol sau ɗaya a Gusau mun ba su ruwa, da yanzu Duna yana nan. Jarka guda da tsohon kwano, nawa suke? Kuma da an ga asuba ta kuɓuce, ai da an haƙura sai rana ta yi sanyi, ko ma a ɗaga tafiyar zuwa gobe.

Wani abokina da na ba shi labari ya ce, "To, ai kare ne, ƙazamin abu." Na kai maganar wurin malamin addini. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Ya tuna mini cewa a Suratul Ma'ida an halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo in an ambaci sunan Allah, kuma a cikin Buhari akwai labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. In za mu ci zomon da kare ya kamo mana, ban ga ta yadda za mu ce ƙishirwarsa ba ta shafe mu ba.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ni na sa ka, ɗana." Amma shekara huɗu ya yi yana horon Duna, kuma har muka dawo gida bai ƙara cewa uffan ba. Yanzu yana kiwon wani ɗan kwikwiyo. Na riga na tara kuɗin raga daga ɗan guzurin da ake ba ni, in an yi hutu zan saya a kasuwar Gusau in kai masa.