Haƙƙin Baƙo a Kasuwa, Daga Fas Har Talatar Mafara

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki, ya haramta riba da zamba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda ya yi fatauci aka shaide shi da amana. Bayan haka:

Mutanen ƙasar Mafara da Bakura da Maradun da Allah ya nufa da zuwa ziyara Fas, ko neman ilmi da magani a Masar, sukan komo da labari iri guda. Sukan yabi masallatai da malamai, sa'an nan su koka da kasuwa. Mutum ya shiga rumfunan da ke kewaye da masallacin Ƙarawiyyina a Fas, ko kasuwar Hanul Halili ta Alƙahira wadda ke ci tun zamanin Mamalik, ya ga alkyabba ko dara ko turare ko carbi, ya tambayi kuɗi. Mai kaya ya dubi rigarsa, ya saurari Larabcinsa na littafi, ya gane baƙo ne, sai ya yanka masa kuɗi mai tsanani. Baƙo ya ji kunyar ragi, ya biya. Da ya koma masauki sai ya ji ɗan gari ya sayi irinsa da abin da bai kai nasa ba ko kusa.

To, a nan akwai abin da ya wajaba matafiyi ya sani. A waɗannan kasuwanni kuɗin farko ƙofar zance ce kurum, ba shi ne farashi ba, kamar dai yadda a ke yi a nan: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Saboda haka kada baƙo ya sayi kome ranar saukarsa. Ya zaga, gama masu sana'a ɗaya a layi ɗaya su ke zama, masu turare dabam, dukawa dabam, maƙera dabam. Ya tambayi ɗalibai 'yan ƙasarsa da suka daɗe can, matambayi ba ya ɓata. Ya lura da mai yi masa jagora ba da ya nema ba, domin sau da yawa la'adarsa a cikin kuɗin kayan ta ke. In an ba shi shayi ya sha, shan shayi ba ya wajabta saye. Amma kada ya taya abin da ba ya nufin saye, domin a mazhabar Imamu Malik ciniki yana ƙulluwa da magana. In ya taya aka sallama, to, ya zama nasa, ko da bai tashi daga wurin ba.

Abin mamaki, hukuncin da ke kāre baƙo daga can ƙasashen ya zo. Mai Risala, Ibn Abi Zaidin, wanda ya rasu a 996, mutumin Ƙairawan ne ta ƙasar Tunis. Shaihu Halilu mai Muhtasar Bamisire ne. Tun kafinsu Yahaya ɗan Umar, wanda ya rasu a 901, ya yi littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen kasuwa. Littattafan nan ayari ya kawo su ta Gadamas da Agadas, hanyar da jar fatar akuyar Sakkwato ta bi zuwa Tarabulus har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya mutu, amma littattafan suna nan a kowane zaure.

Me suka hukunta? Sun hana algus da ɓoye aibin kaya. Sun hana mutum ya taya a kan tayin ɗan'uwansa bayan an kusa daidaitawa. Sun hana najashu, watau a sa wani ya riƙa ƙara kuɗi ba da nufin saye ba, don a ruɗi mai saye. Sun hana tarye, watau a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su san yadda kasuwa ta ke ci. Har wa yau suka bambanta mutum biyu. Wanda ya yi ciniki da wayonsa aka fi shi, ba shi da ƙara a mashahurin zance. Amma wanda ya bayyana rashin saninsa, ya ce a sayar masa yadda a ke sayar wa mutane, in aka cuce shi yana da ikon warware cinikin, domin amana ya bayar.

To, mai kuka da Fas ya waiwayo gida. Ran Talata kasuwar Mafara takan cika da baƙi: manomi daga fadamun Bakura da buhun shinkafa, mai albasa daga gonakin da madatsar Bakolori ke shayarwa tun da aka gama ta a 1978, Bafillace daga dajin Maradun da ragonsa, tsohuwa da tiya biyu na gero. Wane ne bai san masu tsayawa bakin gari tun da sassafe suna saye kafin kaya su shiga kasuwa ba? Wane ne bai san mai mudu biyu ba, babba na saye, ƙarami na sayarwa? Ko dillalin da zai karɓi la'ada hannu biyu, ya faɗa wa mai dabba kuɗi dabam, mai saye dabam? Wannan shi ne abin da aka yi wa alhaji a Hanul Halili, har ma ya fi muni. Alhaji abin ado ya saya da rarar guzurinsa, baƙauye kuwa abincin iyalinsa na shekara ya kawo, ya kuma ratso hanyar da 'yan bindiga suka sa ta zama abin tsoro.

Wani zai ce ai kasuwa wayo ce, da rashin tayi a kan bar arha. Gaskiya ne, shari'a ba ta hana tayi da ragi ba, ba ta kuwa hana riba ta halal ba. Abin da ta hana shi ne cin jahilcin wanda ya amince. Ko don maslahar duniya ma ya kamata a hankalta. A 2021, sa'ad da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda tsaro, kowa ya ga yadda gari ke zama in baƙo bai shigo ba. Baƙon da aka cuta a Mafara, mako mai zuwa wata kasuwa zai nufa, ya kuma tafi da labari.

Saboda haka akwai aiki a kan jama'a uku. Malamai su ba babin ciniki haƙƙinsa kamar yadda su ke ba babin tsarki, kada almajiri ya fita fatauci bai san najashu da tarye ba. Sarakunan kasuwa su ajiye mudu guda mai shaida wanda kowa zai gwada nasa da shi, kamar yadda muhtasibi ya ke yi a biranen Magrib a da. Fatake da dillalai kuwa, in baƙo ya ce bai san kasuwa ba, su faɗa masa gaskiyar yadda ta ke ci, sa'an nan a yi ciniki.

Mutanen da suka ce baƙonka Annabinka bai dace a same su da cin baƙo ba. Mai rumfa a Mafara yau, gobe shi ne baƙo a Fas. Allah ya tsarkake dukiya, ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa. Haza wassalam.