DUKIYAR ATTAJIRAI DA SABON HARAJI

Tun ran 26 ga watan Yuni 2025, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, ba mu daina jin gunaguni daga zaurukan masu hali ba. Dokokin nan sun soma aiki ran 1 ga Janairu 2026. Waɗansu sun ce Gwamnati za ta karɓe rubu'in dukiyar kowane attajiri, waɗansu kuwa sun ce har gādon marayu za a yanka. To, da yake ku malaman makaranta da akawuna ku ne a kan kira a karanta takarda a yi wa maigida bayani, mun ga ya kamata mu warware maganar.

Ga yadda lissafin ya ke. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan sai a soma da kashi 15 cikin 100, a yi ta hawa mataki mataki, 18, 21, 23, har a kai 25. Amma fa kashi 25 ɗin nan ba ya hawa sai a kan abin da ya ɗara Naira miliyan 50. A ce ga wani wanda samunsa na shekara, bayan an fid da abin da doka ta yarda a fitar, ya kama miliyan 60. In kun buga lissafi za ku tarar harajinsa Naira 12,930,000 ne, watau kashi 21 da ɗoriya. Kuma a kan samun shekara ne, ba a kan uwar dukiya ba. Batun gādo kuwa, dokar da aka sa wa hannu ba ta ɗora masa haraji ba.

Inda takalmin ya matsa sosai shi ne wajen ribar sayar da kadara. A dā in mutum ya sayar da fili ko gida ya ci riba, kashi 10 cikin 100 a ke nema gare shi. Yanzu ana auna ribar da ma'aunin nan na mataki mataki, tana iya kaiwa kashi 25, kamfani kuwa kashi 30. A nan lalle masu hali suna da abin faɗi, kuma ba za mu ƙi faɗa musu gaskiyarsu ba don suna da kuɗi. A ce mutum ya sayi fili a kan miliyan 20 cikin 2015, lokacin da dala ɗaya ba ta kai Naira 200 ba a farashin Gwamnati. Kuɗin nan sun kai kimanin dala 100,000. In ya sayar a kan miliyan 100 bayan dala ta wuce Naira 1,500, kamar yadda ta yi cikin 2024, abin da ya karɓa bai kai dala 70,000 ba. A takarda ya ci ribar miliyan 80, a zahiri kuwa ya faɗi, sa'an nan a ce ya biya haraji a kan ribar. Muna roƙon Majalisa ta sāke duban wannan wuri, a riƙa rage abin da faɗuwar Naira ta ci kafin a yanka.

Faɗuwar Naira ɗin nan ita ce ta juya tunanin masu dukiya. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen Naira 460. Wanda ya kulle miliyan 46 a akwati a farkon shekaran nan yana riƙe da dala 100,000, amma kafin 2024 ta ƙare abin ya koma wajen dala 30,000, ba ɓarawo, ba gobara. Ga kuma wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, wadda ta fito da buhunan da aka daɗe ana ɓoyo. Saboda haka kowa ya bazama, wannan ya sayi dala, wancan zinariya, wani filaye a Abuja, wani gida a Dubai ko London. Ba mu zargi kowa da neman tsare guminsa ba. Sai dai mu tuna musu abu biyu. Mazaunin Nijeriya, doka tana bin samunsa ko daga wace ƙasa ya fito. Na biyu kuwa, fili da aka kewaye da katanga aka bar wa ciyawa bai taɓa ɗaukar yaro ko ɗaya aiki ba, alhali masaƙun Kaduna da na Kano da yawa sun daɗe a rufe.

Wanda ke gudun riba ta banki ma ba shi da sauran hanzari. Bankin Jaiz ya buɗe tun 2012, Gwamnatin Tarayya kuma ta soma fid da takardun sukuk cikin 2017, na Naira biliyan 100, don gina hanyoyi.

Amma mu a ganinmu ba haraji ne babban maƙiyin dukiyar manyan gidaje ba. Rashin rubutu ne. Kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi yayinsa, motoci a ƙofa, maroƙa ba sa yankewa, maigida ya rasu, kafin shekara biyar an sayar da kantin, 'ya'ya suna gaban alƙali. Ba laifin rabon gādo ba ne, Shari'a ta yanka wa kowa rabonsa daidai. Abin da ya faru shi ne dukiyar duka a kan maigida ta ke. Shi kaɗai ya san wanda ya ke bi, shi kaɗai ya san filin da ya saya da sunan yaronsa, ba littafi, ba shaida. Ran da aka kai shi, da rabin lissafin aka binne. Waɗanda a kan fi cuta kuwa su ne mata da ƙananan yara, zama ba su san abin da za su tambaya ba.

Dubi gidan Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano. An ruwaito cewa da aka buɗe banki a Kano cikin 1929, kuɗin azurfa ya kai ajiya a kan raƙuma 20, a zamanin da tsaransa ke haƙa rami a ɗaka. Ya kafa kamfani da sunansa da na 'ya'yansa, kuma kafin ya rasu cikin 1955 ya tara su ya yi musu wasiyya kada su bari ya rushe. Ɗansa Alhaji Aminu ya riƙe harka har ya rasu cikin 2025, shekara 70 bayan mahaifinsa, ga kuma tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote da matatar mai a Legas. Hikimar kamfani ita ce ana raba hannun jari ga magada bisa Shari'a, kowa ya riƙe nasa, ba sai an tsaga kanti ko an sayar da inji ba. Haka nan waƙafi: in mutum ya tsayad da gida don makaranta ko asibiti da ransa da lafiyarsa, ya rubuta, ya sa shaidu, ya fita daga abin da za a raba. Mai littafi kuma shi ne ke iya fid da zakkarsa daidai, ɗaya cikin 40, ba da ka ba.

Saura magana ga hukuma. Malamin makaranta ba ya ganin albashinsa sai an cire haraji, ba shi da wurin ɓuya. Dattawa kuma ba su manta da zamanin haraji da jangali ba, sa'ad da a kan kama talaka a kan 'yan sulalla, har aka soke su a Kano da Kaduna cikin 1979. In aka sāke komawa gidan jiya, a matsa wa mai albashi da mai tebur a kasuwa, a ƙyale mai gidaje 40 don yana gaisawa da manya, to, dokar ba ta yi amfanin kome ba. Harajin mutum ɗaya ɗaya, ban da na soja da 'yan sanda da irinsu, baitulmalin jiha ya ke shiga. Saboda haka muna so kowace jiha ta riƙa buga wa jama'a kowace shekara nawa ta tara, nawa ya fito daga masu albashi, nawa daga 'yan kasuwa, da kuma azuzuwa da rijiyoyi nawa aka yi da su.