Digirin Kasuwancin da Bai Taɓa Shiga Kasuwa Ba

A hutun da ya wuce na ɗauki ɗan ƙanwata, wanda yake aji uku yana karatun harkar kasuwanci a wata jami'a, muka tafi Dagona gaida wani tsohon abokina bafataken kifi. Mun iske shi a bakin banda, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, yaransa na juya tarwaɗa a kan waya, wasu na jera wadda ta bushe cikin kwali suna tamke shi da igiya. Da aka gaisa na ce masa ga ɗan jami'a mai karatun kasuwanci, sai Alhajin ya washe baki ya jawo masa tabarma.

"Alhamdu lillahi, yau Allah ya kawo mana malami har gida. Ɗana, ga tambaya. Kifin nan ɗanye na saye shi, in ya sha wuta nauyinsa ya zube. Ga kuɗin itace, ga na yaran nan, ga kwali, ga mota zuwa kudu, ga la'adar dillali a can, kuma kuɗina ba za su dawo ba sai bayan mako uku. Yanzu mai mota ya ce ya yi ƙari. In tura ne, ko in riƙe zuwa wani makon?"

Yaron ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Baba, ai mu ba a kai ga koya mana irin wannan ba." A hanyarmu ta komawa Gashua ya ce da ni, "Kawu, wallahi da a takarda aka ba ni ita da Turanci, da na amsa." Makin yaron nan ya haura 4 cikin 5. Bai taɓa faɗuwa darasi ko ɗaya ba.

Na kawo labarin ne saboda wata magana da ta zauna daram a bakin 'yan boko, malamai da iyaye baki ɗaya, wai tsaurin ƙa'ida shi ne ingancin karatu. Duk jami'ar da ta fi korar ɗalibai, ta fi hana shiga jarrabawa, ta fi rowar maki, ita ce ta gari. Uba yakan yi alfahari a majalisa cewa makarantar ɗansa ba wasa. Ban taɓa jin wanda ya tsaya ya tambaya ba: tsaurin nan, me yake aunawa?

Ga abin da ake nema wurin ɗalibin kasuwanci a Nijeriya. Kafin ya shiga, kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da ilimin tattalin arziki, a zama ɗaya ko biyu, sannan ya ci JAMB. In ya shiga, sai ya tara aƙalla yunit 120 cikin shekara huɗu. Sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Kashi 30 ko 40 na makinsa daga gwaje-gwajen cikin zango ne, sauran duk daga jarrabawar awa biyu ko uku. Wanda ya tashi da 4.50 zuwa sama ya sami daraja ta ɗaya, 3.50 ta biyu babba, 2.40 ta biyu ƙarama. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da ƙima a ja masa kunne, in bai gyara ba a nuna masa hanya. A ƙarshe ya rubuta furojet mai babi biyar. Ka bi jerin nan daga sama har ƙasa, ba za ka ga inda ya zama dole ya sayar da ko mudu guda na gero ba, ko ya riƙe littafin shago, ko ya bi bashi ya karɓo.

Kada a ɗauka sassauci nake nema. A watan Oktoba na 2025, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da ɗauke sharaɗin kiredit a lissafi ga masu neman karatun adabi da harsuna da makamantansu, na ji wasu suna fatan a miƙa rangwamen har ga masu karatun kasuwanci. Allah ya kiyaye. Ɗan kasuwar da bai iya lissafi ba, yaran shagonsa ne za su gaje shi tun yana raye. Tambayar da Alhajin Dagona ya yi lissafi ce tsantsa. A bar lissafi inda yake, a ƙara masa ma. Ƙorafina shi ne an tsaurara a inda bai da amfani, an saki inda ya kamata a kama.

Nan Gashua akwai Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman. Ɗalibinta ba ya karɓar takardar NCE sai ya je firamare ko sakandare ya tsaya gaban allo watanni, malaminsa ya biyo shi ya zauna a bayan aji yana kallon yadda yake koyarwa. Ɗalibin likitanci shekaru yake yi yana zagayen gadajen marasa lafiya, bayan ya gama ma sai ya yi shekara guda ƙarƙashin manya. Lauya sai ya shiga makarantar horar da lauyoyi, a tura shi kotu da ofishin wani lauya. Ba wanda ya taɓa cewa wannan ya rage wa karatunsu daraja. Amma mai digirin kasuwanci sai ya fito da daraja ta ɗaya, cinikin da ya taɓa yi a rayuwarsa bai wuce sayen handawut ba.

Za a ce ai akwai darasin koyon dogaro da kai, wanda aka wajabta wa jami'o'i tun wajen 2007. Na san shi. Ɗalibai goma su haɗa kuɗi, biyu daga ciki su dama sabulun ruwa ko su soya cincin, a zuba a roba a kai wa malami, a ba kowa maki. Ba a tambayi nawa aka kashe ba, wa zai saya, nawa zai biya, ribar nawa ce. Dama sabulu sana'ar hannu ce mai kyau, sai dai kasuwanci yana farawa ne daga lokacin da aka fito da robar ana neman mai saye, kuma daidai nan darasin yake ƙarewa.

Dokar kashi 75 ɗin nan ita ta fi ci mini rai. A takarda tana da kyau. A aikace kuwa, wa take kamawa? Ɗan mai hali da ba shi da abin yi sai zaman aji, ba ruwanta da shi. Wanda ya iya sa abokinsa ya rattaba masa hannu a takardar halarta, shi ma ya tsira. Wanda take kamawa shi ne yaron da ranar kasuwa dole ya tsaya a rumfar mahaifinsa, ko mai teburin POS da da shi yake biyan kuɗin rajista, ko yarinyar da take sarin atamfa daga Kantin Kwari tana bi gida-gida. Wato a ajin kasuwanci, ɗalibin da yake kasuwancin gaske shi ne mai laifi. Awannin da ya yi yana ciniki ana lissafa su a matsayin fashin karatu. Da a ce sashen koyon noma ne yake hukunta ɗalibi don an gan shi a gona, da kowa ya yi dariya.

Sai furojet. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar irin waɗannan kundaye ya san take ɗaya ne ake ta juyawa: tasirin ƙarfafa gwiwar ma'aikata a kan aikinsu, nazari a wani banki. A sauya sunan bankin, a sauya garin, a raba takardar tambayoyi hamsin, wani lokacin ɗalibin ya cike su da kansa a ɗaki da biro kala uku. Akwai shagunan buga takardu da ke sayar da shi gamamme, sai dai a sa sunanka. Malamai sun sani, ɗalibai sun san malamai sun sani, an bar kaza cikin gashinta.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Suna cewa jami'a ba rumfar koyon sana'a ba ce, wurin nazari ne, in kasuwa kake so ga kasuwa can. To amma daga ina ilimin da suke koyarwa ya fito? Tsarin ajiye lissafi mai gida biyu da ake koya wa kowane ɗalibin akanta, Luca Pacioli ne ya wallafa shi a 1494, kuma ba ƙirƙirarsa ba ce, abin da ya ga fataken birnin Banis na Italiya suna yi ne ya rubuta. Kasuwa ce ta haifi littafin. Jami'ar Sinsinati a Amurka tun 1906 ta fara raba lokacin ɗalibanta tsakanin aji da wurin aiki, har yau ana kwaikwayonta. Mu dawo gida. Aliko Dangote ya yi karatun kasuwanci a Jami'ar Azhar ta Masar, amma a gidan Dantata ya tashi, kuma da rancen kawunsa ya fara a 1977. Ya haɗa allo da awo. Yaron Dagona ko Jajimaji da ba shi da kawu attajiri, wa zai haɗa masa su in jami'a ta ƙi?

Hujja ta biyu ita ce hannun jami'a a ɗaure yake, Abuja ce ke tsara manhaja. Wannan rabin gaskiya ce. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta riƙe kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ƙungiyar ASUU ta yi ƙorafin kason ya yi kaɗan, kuma ina tare da ita. Sai dai kashi 30 na shekara huɗu ya zarce karatun shekara guda cur. Fili ne babba ga wanda yake da niyyar shuka.

Abin shukawa kuwa ba sai an je nesa ba. Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 don kwasar gyaɗa da fata, garin ya zama ƙarshen layi kuma matattarar fatake. Yadda wannan ciniki ya bunƙasa da yadda ya durƙushe darasi ne na zango guda. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke malalowa fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ga canji a aljihunsu. Ɗalibin da ya bi sawun kwalin kifi ɗaya daga bakin ruwa har inda aka sauke shi a kudu, ya rubuta wanda ya ci nawa a kowane mataki, ya san abin da littattafan Turai goma ba za su gaya masa ba. Ga riɗin da ake fitarwa ƙasashen waje, ga ƙaro, ga albasar rani, ga dabbobi. Ga adashin mata, wanda ba takarda ba lauya amma da wuya ka ji ya rushe. Ga tsarin ubangida da yaron shago har zuwa ranar sallama. Ga abin da ya sami 'yan kasuwar ƙauye a farkon 2023 da aka sauya fasalin naira takardar kuɗi ta ɓace. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya taso tun daga can a 1989 ya zo Dagona kallon tsuntsaye. Ɗalibinmu da ke nan kusa kuwa, ba abin da ke cikin sharuɗɗan digirinsa da zai sa ya tako ya ga yadda ake cinikin kifi.

Mu iyaye ma da namu laifin, kuma shi ya fi wuyar faɗa. Da yawanmu ba don yaro ya iya kasuwanci muke tura shi karatun kasuwanci ba, don ya tsere wa kasuwa ne. Muna son ya yi bautar ƙasa, ya sami kujera a sakatariya ko banki, ya huta da rana da ƙura. Shi ya sa tsarin haddace-ka-zubar bai dame mu ba, takardar muke so. Kujerun nan kuwa sun ƙare tuni, kowa ya sani. Yaron ya dawo gida da digiri, ya fi ƙarfin rumfar ubansa a ganinsa, rumfar kuma ta fi ƙarfinsa a gaskiya.

Jami'ar Tarayya ta Gashua a 2013 aka kafa ta, ba ta tsufa da al'adun da za su hana ta motsi ba, ita da Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Roƙona ga majalisun malamansu shi ne su yi amfani da kason nan nasu. A ware zango guda cikakke, ɗalibin kasuwanci ya zauna ƙarƙashin ɗan kasuwa na gaske, a Gashua ko Nguru ko Potiskum, malami ya riƙa bin sa kamar yadda ake bin mai koyon koyarwa. Wanda ya zo da nasa cinikin, ya kawo littafinsa a duba, a lissafa masa shi cikin halarta. Furojet ya zama lissafin wani kasuwanci mai rai, wanda mai shi zai zo ya zauna ranar kare kundin ya ce an yi daidai ko an yi ƙarya. Wanda ya faɗi wannan a riƙe digirinsa, ko makinsa 5 ne. Alhajin Dagona ya ce in an turo masa ɗalibi zai karɓa, ga tabarma ga abinci, sharaɗinsa ɗaya ne: ya zo da kayan da ba ya tsoron su yi warin hayaƙi.