Akwatin Kayan Aiki: Ƙafa Biyu na Katako da Kwaɗo Ɗaya

Ki duba gidanki yanzu: ina guduma take? Ina zarto, reza, sukundireba da gwangwanin ƙusoshi? A gidaje da yawa suna ƙarƙashin gado ko bayan randa, daidai inda hannun mai rarrafe ke kaiwa. Mu da ke aikin jinya mun san ƙarshen wannan: yatsa ya tsage, ƙusa ta shige tafin ƙafa, ko yaro ya haɗiye ƙaramin noti.

Maganin abin akwati ne mai kwaɗo, kuma haɗa shi ba ya buƙatar injin lantarki. Zarto, guduma, tef na awo, samfefa da gam sun isa, ko maigida ne zai yi, ko babban ɗanki, ko ke da kanki.

Ki nemi katakon fayin a wurin 'yan katako. Ba shi da nauyi, yana da laushi, zarton hannu na cin sa ba wahala. Sau da yawa shi ne katakon da ake ɗoro kayan ƙasashen waje a kansa. In irin wannan kika samu, ki duba hatiminsa: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuwa da guba aka turara shi, ki bar shi.

Tsawo ƙafa 2, faɗi ƙafa 1, zurfi ƙafa 1 ya wadatar. A shafa gam a kowace mahaɗa kafin a buga ƙusa. Fayin na saurin tsagewa a bakin katako, don haka a ɗan dakushe tsinin ƙusar da guduma tukuna. A goge ko'ina da samfefa saboda sartse. Gara na son wannan katako, sai a yi masa ƙafafu ya tashi daga ƙasa, a kuma shafa fenti.

Murfin shi ne abin lura. Ya zama marar nauyi, don in ya faɗo kada ya karya yatsa. Kada a sa masa makulli mai datse kansa, kuma a huda ramuka biyu ko uku a gefe, domin yara na shiga akwati wasan ɓuya, iska ta ƙare musu. Kwaɗo a waje, mabuɗi a hannunki.

In kuwa ƙusa ta riga ta soki yaro, ki wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ki zuba toka ko man birki. Ki ɗauko katin rigakafinsa ku nufi asibiti a ranar. Allurar Penta ta mako 6, 10 da 14 na ɗauke da kariyar tetanus, mai sarƙe haƙora, amma ma'aikacin lafiya ne zai duba ko ana buƙatar ƙari.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.