Wa Zai Riƙe Makaranta Bayan An Gina Ta?

A cikin watan Afrilu na shekarar 2012 Shugaban Ƙasa na wancan zamani, Goodluck Jonathan, ya zo Gagi a gefen birnin Sakkwato, ya buɗe makarantar kwana ta almajirai, wadda aka nufa a gama karatun allo da na boko a cikinta. Bayanta aka gina irinta fiye da 150, mafi yawansu a ƙasar Arewa, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta danƙa su ga jihohi. Ba a jima ba sai labari ya riƙa zuwa daga wurare dabam dabam, wasu an kulle su, wasu an mai da su makarantun boko zalla, wasu kuwa ciyawa ta ci filinsu. Ginin ba shi da aibi ko kusa. Abin da aka rasa shi ne tukunyar da za a ɗora wa yara kullum, da albashin da alaramma zai karɓa in wata ya mutu.

Ya kamata malamai da attajirai su san ta inda kuɗin makarantu ke biyowa, domin wanda bai san hanyar ruwa ba, ba zai gane inda ya tsaya ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa Gwamnatin Tarayya ware abin da bai kasa kashi 2 cikin 100 na babban asusunta ba saboda ilmin farko. Babban rabo daga ciki na gine-gine ne, kuma ba a sakar wa jiha nata sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Saboda wannan sharaɗi an sha samun shekarun da biliyoyin naira suka kwana a hannun hukumar UBEC a Abuja, jihohi ba su je sun ɗauka ba, alhali yara na zaune a ƙasa. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Watau mai gini dabam, mai biyan malami dabam, kowa kuma yana da wanda zai nuna wa yatsa. Abin lura, dokar nan ta ambaci almajiri da sunansa a cikin waɗanda ilmin farko ya shafa. Ashe in alaramma ya nemi rabon tsangayarsa ba bara ya fita ba, hakki ne rubutacce.

A zamanin En'e lissafin ya fi sauƙin bi. Talaka ya biya haraji, Bafillace ya biya jangali, kuɗi su shiga baitulmali, daga nan a biya malamin elementare, a sayi alli, a riƙe ɗakin karatu na gari. Zalunci ya shiga karɓar harajin nan, har gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke shi a 1979, kuma ba mai hankalin da zai nemi a komo da shi. Amma fa mai biya ya san fuskar mai karɓa. Yau ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau yana biyan kuɗin rumfa da na lodi, ga harajin saye da sayarwa da aka ɗaga zuwa kashi 7.5 a 2020, ba ya kuwa tambayar ko sisinsa ya isa makarantar unguwarsu.

Renon ƙananan yara ma yana cikin dokar 2004, kuma manufar ilmi ta ƙasa ta 2013 ta sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. A takarda ke nan. A galibin garuruwa mai hali ne ke kai ɗansa makarantar kuɗi, ɗan talaka kuwa renonsa yana zauren malam, kamar yadda yake tun kaka da kakanni, babu mai lissafa wannan aiki a cikin kasafi.

Sha'anin ɗakunan karatu ya fi ban takaici, domin su ne aka fi saurin mantawa. An kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952, yana aika akwatunan littattafai zuwa larduna. Hukumar NORLA a Zariya, daga 1954 zuwa 1959, ta buga littattafai da jaridu cikin boko da ajami. Yanzu akwai laburaren Murtala Muhammad a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai laburare, in ba a saya masa sabon littafi kowace shekara, kango ne mai ƙofa. Ga kuma kundayen rubutun hannu da ke cikin gafaka da adaka a gidajen malamai, na fiƙihu da tauhidi da waƙoƙin wa'azi, gara da damina suna ci, magada suna rabawa warƙa warƙa kamar gona. Ɗaukar hotonsu da adana su aiki ne da ba a yanka kirtani a kansa, saboda haka ba mai marmarinsa.

Malamai suna da uzurinsu na ɗari-ɗari da hukuma. Sun ga yadda gwamnonin Arewa suka kwashe almajirai a motoci a 2020, lokacin annobar korona, aka mai da kowa jiharsa ba tare da shawara da masu tsangayu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk da haka ƙin yin rajista ba ya kare tsangaya, iyaka dai ya hana ta shiga lissafi, abin da ba ya cikin lissafi kuwa ba a yanka masa kaso. An kafa hukumar ƙasa ta ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Lalle ne alarammomi su shige ta da sharuɗɗansu a hannu: a bar musu tsarin hadda da sauka, a biya su albashi da sunansu, a ci da yara.

Attajirai kuma an san su da gina masallaci da aji, Allah ya saka musu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wakafi mai kawo riba, irin wanda ya riƙe Azhar ta Masar ɗaruruwan shekaru. Rumfa guda a kasuwa, in aka tsayar da hayarta kan abincin tsangaya ɗaya ko littattafan ɗakin karatu ɗaya, za ta ci gaba da aiki bayan mai ita ya kwanta dama.

Ƙarshen kowace shekara gwamna yakan kai kasafin kuɗi gaban majalisar jiha. A nan ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na alarammomi su tura wakilai, su tambayi ko jiha ta ajiye nata rabon don karɓo kuɗin Abuja, nawa aka sa wa albashi da abinci da littafi, nawa kuma aka saki daga abin da aka rubuta bara.