Kada Mu Fara Daga Allo

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina da magana a kan yadda mu ke koyar da lissafin lantarki.

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Ojoo, na rubuta wa yara tambaya a allo. Ga turjiya uku, watau abin da ke hana wuta wucewa sakaka cikin waya. Biyu suna kafaɗa da kafaɗa, om 6 da om 3, ta uku kuwa, om 4, tana gabansu a jere. Nawa ne jimla? Kusan duk ajin suka ce 13. Ban ga laifinsu ba, gama ni ma haka aka koya mini: a haddace, a zuba a takarda, a manta.

Kashegari na kawo musu zancen abin da su ke gani kullum, manyan motocin da ke tashi daga Ojoo su bi ta Oyo da Ilori zuwa Arewa. In an kafa shinge biyu, ɗaya bayan ɗaya, jinkiri ƙaruwa ya ke, sai a tara. In kuwa aka buɗe ƙofa ta biyu a gefen ta fari fa? Wani yaro ya ce, "Malam, ai cunkoso raguwa zai yi." Madalla! Muka ninka 6 sau 3, 18, muka raba da jimlarsu 9, muka sami 2, ƙasa da ƙaramar cikinsu. Sa'an nan muka ƙara 4 ɗin, om 6 ke nan. A haɗa da batirin mota mai bolt 12, amfiya 2 za ta gudana, bisa ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya buga a 1827.

Wani zai ce ɓata lokaci ne, jarrabawa lamba ta ke so. To, ya leƙa rumfar mai cajin wayar hannu. Duk abin da aka ƙara sokawa, kafaɗa da kafaɗa ya ke shiga, turjiya ta ragu, wuta ta ƙaru, kuma dukanta ta siririyar waya guda za ta bi. A ƙara dutsen guga, sai a ji roba ta soma ƙauri. Yaron da ya ce 13 kuwa tsammani ya ke yawan kaya rage wuta ya ke yi, alhali shi ne gobe zai ja wa ubansa waya a rumfa a kasuwar Sasa.

Ni dai in an sake tura ni, da batir da ƙwan fitila uku zan shiga aji, alli ya jira.