Tsohuwar Mota Mai Tsatsa: A Gyara Ko A Rabu Da Ita?

Duk wanda ya saba zagayawa cikin Agege ko Idi-Araba, ko kuwa unguwar Sabo ta Badun, ba zai rasa ganin wata tsohuwar mota a ajiye a bayan gida ba, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Wani lokaci Peugeot 504 ce, watau Fijo, wani lokaci kuwa irin motocin nan ne masu ƙofa biyu, masu gudun tsiya, waɗanda samarin da suka yi yayi, kamar su Datsun 240Z da Toyota Celica da Mercedes SL. In aka tambayi mai ita, amsarsa ɗaya ce: inji lafiya lau yake, jikin ne kawai ya ɗan ci tsatsa, da zarar kuɗi sun shigo za a tashe ta. Haka damina za ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, mota tana nan inda take. 'Ya'ya suna cewa, "Baba, a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta a huta." Shi kuwa yana cewa ba su san darajar abin da suke gani ba.

To, wa ke da gaskiya a cikinsu? Wannan gardama ba a raba ta da ƙarar inji, ba a kuma raba ta da ƙyallin fenti. Wanda ya shiga ƙarƙashin motar da fitila a hannu, shi ne zai iya yanke hukunci.

Kafin a kai ga nan, ya kamata a yi wa maigida adalci, domin son da yake yi wa motarsa yana da dalili. Datsun 240Z, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1969, ta ci babbar gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka har sau biyu, a 1971 da 1973. Fijo 504 ta ci wannan gasa a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu kuma ta sake ci a 1978. Motoci ne da aka gwada su a kan hanyoyi masu taɓo da gargada irin na ƙasar nan. Injinan yawancinsu ba su da kwamfuta, kowane bakanike daga Ojota har Fagge zai iya kwance su ya ɗaure. Wanda ya ce da tsohuwar zuma ake magani, a kan inji dai bai yi ƙarya ba.

Amma fa inji daban, jiki daban. Tsatsa tana samuwa ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuwa yana ƙara mata sauri ƙwarai. Legas tana bakin teku, iskarta ɗauke take da laima da gishiri dare da rana, ruwan saman da take samu a shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu, na Fatakwal ma ya fi haka. Ga kuma ambaliya da ke cika tituna kowace damina, mota ta ratsa cikin ruwa, taɓo ya maƙale a lungunan ƙarƙashinta, ya zauna a jiƙe wata da watanni. Motar da za ta shekara talatin a Katsina ko Sakkwato ba abin da ya same ta sai ƙoɗewar fenti, in aka kawo ta Apapa, cikin 'yan shekaru sai ta fara ruɓewa. Bugu da ƙari, yawancin motocin shekarun 1970 ba a shafe ƙarfensu da tutiya ba. Kamfanin Porsche ya fara yin haka a tsakiyar shekarun 1970, Audi ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, sauran kamfanoni suka bi sannu a hankali. Saboda haka waɗannan tsofaffin motoci sun zo Kurmi ba su da garkuwa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda aka ƙera ƙananan motoci. Babbar mota tana da casis, watau manyan ƙarafa biyu da aka ɗora jiki a kansu, in jikin ya lalace sai a sauke shi a ɗora wani. Fijo 504 da Datsun 240Z da Celica ba haka suke ba. Jikinsu shi ne ƙashinsu. Fallayen ƙarfe ne da kaurinsu bai wuce kamar milimita ɗaya ba, aka lanƙwasa su, aka haɗa su da walda suka zama akwati guda. Daɓen ƙasa, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da wurin da aka ɗaure ƙafafun mota, su ne ke ɗauke da nauyinta, su ne kuma ke tare bugu ranar haɗari. In tsatsa ta cinye su, abin da ya rage siffar mota ce kawai.

Don haka tsatsa iri uku ce, kowace da hukuncinta. Ta farko ita ce ta sama-sama, inda fenti ya ɗaye ƙarfe ya yi ja. Wannan a kankare, a shafa magani, a yi fenti, an gama. Ta biyu ita ce wadda ta huda ƙofa ko murfin inji ko murfin but ko fuka-fukan da ke saman tayoyin gaba. Waɗannan sassa ne da ake kwancewa a ɗaura wasu, wanda ya jure yawo a kasuwar Ladipo yana iya dacewa. Motar da ciwonta ya tsaya a nan ta cancanci gyara, wanda ya sayar da ita a kilo ya yi asara. Ta uku ita ce wadda ta shiga ƙashi, ita ce kuma abin tsoro.

Gano ta ba wuya, kuma ba ya cin kuɗi masu yawa. A fara wanke ƙarƙashin motar sarai, a hau da ita kan ramin bakanike. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da kujeru, a fitar da tayar safiya daga but. A ɗauki sukundireba a riƙa dannawa a wuraren nan da aka ambata. Ƙarfe mai lafiya ba zai motsa ba, ruɓaɓɓe kuwa sai ya burma kamar busasshen ganye. A bi jikin da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa, to, fila ce aka cusa a wurin aka rufe da fenti. A sa jak a ɗaga gefe ɗaya, sa'an nan a buɗe ƙofa a rufe. In ta ƙi rufuwa daidai, jikin motar ya fara lanƙwashewa ke nan. A duba inda aka ɗaure bel ɗin kujera, da bututun man birki, da tankin mai. Kumburin da ake gani a ƙarƙashin fenti kamar ƙuraje shi ma ba abin rainawa ba ne, domin tsatsa daga ciki take fara ci, kafin ta nuna a waje ta riga ta yi ɓarna a ɓoye.

A nan ne akasarin masu mota ke yaudarar kansu. Mutum ya je wurin fanel-bita, a gaya masa kuɗin aikin gaskiya, watau a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe har a kai ga mai rai, a lanƙwasa sabo mai kauri daidai, a yi walda, a shafe ciki da waje da magani. Sai ya ce ya yi tsada, a yi masa na talaka. Na talakan kuwa shi ne a liƙa guntun kwanon rufi a kan rami, a cika da fila, a goge, a fesa fenti. Mota ta fito tana walƙiya, jama'a suna yi wa rogo kallon kitse. Fila tana shan ruwa, ba ta kuma ɗaukar nauyi, kafin damina biyu kumburi ya dawo, ramin ya fi na da girma. Laifin ba na fanel-bita kaɗai ba ne, abin da aka biya shi ya yi. Akwai ƙwararru a Legas da Badun da Anaca waɗanda za su iya aikin gaskiya, sai dai aikin yana cin watanni, kuma da wuya kuɗin da aka faɗa da farko ya isa, domin sai an kankare fenti ake ganin iyakar ɓarnar.

Lissafin da ya kamata mai mota ya yi shi ne ya tara kuɗin aikin jiki, da fenti, da bututun birki, da tayoyi, da wayoyin wuta, da robobin gilashi, ya ƙara wani abu a kai saboda abin da zai ɓullo daga baya. Sa'an nan ya tambayi kansa nawa motar za ta yi a kasuwa in an gama. Kuɗin da ya riga ya kashe mata a shekarun baya kada ya sa su cikin lissafi, sun tafi, zuba wasu a kansu ba zai dawo da su ba. In kuɗin gyara sun zarce darajar motar, kuma da ita yake neman abinci ko ɗaukar iyali, magana ta ƙare.

Masu cewa a gyara suna da hujja mai ƙarfi, ba za a ƙi jin ta ba. Sun ce sayen wata motar ya fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na wannan shekarar, Dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da Naira 500 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, kuɗin motocin da ake shigowa da su da kuɗin kwastan suka bi ta. Ban da haka, ita ma tokumbo ba a rantse mata. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka aka kawo su. Da yawa sun fito ne daga garuruwan da ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, wasu kuma ambaliya ce ta shanye su a can aka yi gwanjonsu. Wanda ya sayar da tasa ya je Berger ya sayi wata ba tare da ya leƙa ƙarƙashinta ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Sai dai wannan hujja abin da take koyarwa shi ne a binciki sabuwar kamar yadda aka binciki tsohuwar. Tsadar kasuwa ba ta mai da ruɓaɓɓen ƙarfe ya zama mai ƙwari.

Akwai hanya ta uku wadda mutanen Arewa mazauna Kudu suka fi kowa damar bi. A garuruwan gida akwai motoci irin waɗannan da injinsu ya mutu amma jikinsu garau yake, saboda bushewar ƙasa. Mai inji mai kyau a Legas yana iya sa 'yan'uwa su nemo masa irin wannan jiki a Kano ko Gusau ko Azare, a ɗora injinsa da giyarsa a ciki. Sau da yawa wannan ya fi waldar shekara guda sauƙi da aminci. Sai dai a tabbata takardun jikin da aka saya na gaskiya ne, a kuma je ofishin lasin a gyara lambar inji a takarda, don kada a sha wahalar 'yan sanda da V.I.O. a hanya.

Motocin da ba su da yawa a duniya kuwa hukuncinsu ya ɗan bambanta. A watan Janairu na 2020 an yi gwanjon wata Datsun 240Z ƙirar 1971 a Amurka a kan Dala 310,000. Irin wannan labari ne ke sa wasu su riƙe tasu suna mafarki. Ya kamata su sani cewa waccan motar ba ta yi tafiya mai yawa ba, tana nan kamar yadda ta fito daga kamfani, abin da aka saya ke nan. Duk da haka, mai 240Z ko Fijo mai ƙofa biyu kada ya yi gaggawar kai ta Owode Onirin a auna a kilo. Fitilu da gilasai da agogon gaba da inji da giya, kowanne yana da masu nemansa, sayar da su ɗaya-ɗaya ya fi kuɗin ƙarfe nesa. Wanda kuma Allah ya hore wa, yana da wata motar hawa, yana son ya raya wannan don tunawa da mahaifinsa ko ƙuruciyarsa, ba mai hana shi. Sha'awa ce yake biya wa kuɗi, ya dai san haka tun farko, ya kuma yi aikin gaskiya.

Abu biyu ne ba su da uzuri. Na farko, a cika mota da fila, a fesa mata fenti, a sayar wa wani baƙo da ya zo ci-rani ya tara 'yan kuɗinsa shekara da shekaru, ba a gaya masa aibinta ba. Wannan algus ne, ko da ciniki ya faɗa a gaban shaidu. Na biyu, a ɗebi mata da yara a cikin motar da ƙashinta ya ruɓe, a ce za a je gida Salla. Daga Legas zuwa Kano ya fi kilomita 1,000, da ramuka da manyan motoci, musamman tsakanin Jebba da Mokwa. Ƙafar mota tana iya ɓallewa daga mazauninta a cikin gudu, bututun birki yana iya fashewa a gangara, hayaƙin salansa yana iya shigowa ta ramukan daɓe ya sa direba gyangyaɗi bai sani ba. Ranar da aka yi karo kuwa, bel ɗin da aka ɗaure a jikin tsatsa ba zai riƙe kowa ba.

Wanda motarsa ke da sauran lafiya, ya riƙa wanke ƙarƙashinta bayan ya ratsa ambaliya, ya zuƙe 'yan hudojin da ke ƙasan ƙofofi don ruwa ya riƙa fita, ya shanya shimfiɗar ƙasa in ta jiƙe, ya kuma daina lulluɓe ta da tamfol a kan danyar ƙasa, domin tamfol yana riƙe laima ne. Wanda tasa ke ajiye a bayan gida kuwa, ya nemi bakanike mai amana a wannan mako, su shiga ƙarƙashinta tare da fitila da sukundireba. Abin da suka gani, shi zai gaya masa ko fanel-bita zai kira ko mai sayen kayan gyara. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.